Kafin Ka Dangwala Yatsa a Takardar Kamfanin Noma

Wani manomi daga ƙasar Soba ya aiko mini da saƙon murya ana tsakiyar sharar gona. Ya ce yaran kamfani sun shigo garinsu a kan babura, riƙe da wayoyi, suna zagaya gonaki suna awo suna ɗaukar sunaye. Za a ba shi iri da taki da maganin feshi bashi, a haɗa shi da malamin gona, da kaka ya biya da masara. Gonakinsa uku ne, in an haɗa sun kai hekta huɗu, kuma baki goma sha huɗu yake ciyarwa. Ƙanensa ya ce a ba kamfani gonakin duka a huta da wahalar neman taki, Hajiya mahaifiyarsu ta ce ba da yawunta ba. Ya rufe da cewa: "Malam, in shiga ko in bari?"

Malam, ka shiga, amma kada ka shiga da duka. Ƙanenka ba shirme yake faɗa ba, sai dai Hajiya ta fi shi hangen nesa, ko da ba ta taɓa ganin takardar ba.

Bari in fara ba ƙanen naka gaskiyarsa. Hektar masarar da aka shuka da irin da aka ɗebo daga rumbu, aka watsa mata buhun taki ɗaya da rabi a makare, da ƙyar take ba da buhu goma sha biyar. Wannan gonar dai, in ta samu iri mai kyau, kamfa a kan kari, yuriya a kan kari, da wanda zai tsaya a kan tazarar shuka, tana iya ninka haka har da ɗori. Na gani a Giwa, na gani a Makarfi da Ikara. Kuma ƙaramin manomi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a watan Mayu a ba shi kayan noma na dubban ɗaruruwan naira. Banki ba ya kallonsa, mai kuɗin gari kuwa in ya ba shi kuɗin buhu ɗaya da bazara, buhu biyu zai jira da kaka. Kamfanoni irin su Babban Gona, wanda ya fara aiki a jihar Kaduna a 2012 yana haɗa manoma cikin ƙananan ƙungiyoyi na waɗanda suka yarda da juna, wannan giɓin suka zo cikewa. Ba abin kunya ba ne a ci moriyarsu.

Abin da Hajiya ta hango kuma shi ne shekarar da ba ta yi kyau ba. In damina ta yi albarka kowa gwani ne, ba a gane mai dabara da mai sa'a. Sai shekarar da ruwa ya ɗauke kwana ashirin daidai lokacin da masara ke shirin goyo, ko tsutsa ta shiga, ko ka kai kaya kasuwa ka tarar farashi ya karye. Saboda haka kafin ka tambayi yaran kamfani buhu nawa za ka samu, tambaye su: in damina ta ɓaci, asarar a wuyan wa take? Ka kula da fuskarsu sa'ad da suke ba ka amsa.

Noman gandu na iyayenmu an gina shi ne a kan tsoron wannan shekarar. Gero da dawa da wake a gona guda, gyaɗa a gefe, rogo ko dankali a wani lungu, ɗan masara a bayan gida inda toka da kashin awaki suke taruwa. Gero ya nuna da wuri a ci tumu a kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta jira ruwan ƙarshe, wake ya rufe ƙasa ya bar harawa. In ruwan farko ya yi gardama dawa ta ceci gida, in na ƙarshe ya yanke gero ya riga ya shiga rumbu. A shekarun 1960 da 1970 wani mai bincike a Samaru, David Norman, ya bi manoman ƙauyukan Zariya yana auna abin da suke samu, ya gano cewa cuɗa amfanin gona da wasu masana na lokacin ke ɗauka ƙauyanci ne ya fi shuka abu ɗaya tabbas, har ma yakan fi shi riba. Ba ina cewa a koma can ba ne. Wancan tsarin bai hana yunwar 1973 da ta 1984 ba, kuma gonar da ta ciyar da mutum takwas a lokacin yau jikoki arba'in ke jiran ta. Amma yana da wani abu da takardar kamfani ba ta zo da shi ba: hatsarinsa a rarrabe yake, kuma ranar da aka yi asara babu mai zuwa ƙofar gida da littafin bashi.

Mun kuwa taɓa jingina da abu ɗaya muka ga yadda ta kaya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano aka rungumi gyaɗa, aka yi dala ana ɗaukar ta hoto. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta share gonaki a faɗin Arewa, kuma cinikin bai sake komawa yadda yake ba. A wannan shekarar ta 1975 ne aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, kuma daga nan, da sabon iri da taki mai rangwame, masara ta fito daga bayan gida ta zama sarauniyar gona. Ta yi mana rana ƙwarai. Sai dai masara 'yar gata ce: ba ta jure ƙishi kamar dawa, ba ta haƙuri da yunwar taki kamar gero. Duk wanda ya mai da gonarsa masara zalla ya ɗaure cikin iyalinsa da farashin taki, farashin taki kuma yana ɗaure da abubuwan da ba a Soba ake yanke su ba. Yuriya ana yin ta a gida, a Indorama da ke Eleme da kuma kamfanin Ɗangote na Lekki, amma sauran sinadaran kamfa daga Maroko da Rasha da makamantansu ake shigo da su. A 2017 buhun kamfa na shirin shugaban ƙasa naira 5,500 ne. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashin buhun kamfa ya haura 20,000, aka cire tallafin man fetur aka saki naira a 2023 ya sake tashi. Kai ba ka yi laifin komai ba, amma gonarka ta ji a jikinta.

Shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Najeriya, Anchor Borrowers, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, shi ne gwaji mafi girma da aka yi wa irin wannan tsari a ƙasar nan: a haɗa ƙaramin manomi da babban mai saye, a ba shi kaya bashi, ya biya da amfanin gona. An zuba sama da naira tiriliyan ɗaya. Noman shinkafa ya ƙaru, injinan gyaran ta sun yawaita a Kano da Kebbi, har aka jera dalar shinkafa a Abuja a watan Janairu na 2022. Amma ambaliyar 2020 ta kwashe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi ana gab da girbi, ruwa ya tafi da shinkafa ya bar bashi. Wasu sun ɗauka kuɗin rabon gwamnati ne suka ƙi biya, aka yi ta taƙaddama a kan nawa ne ya dawo, a ƙarshe sabon shugabancin bankin ya janye hannu daga irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023. Wanda ya riga ya watsar da irinsa na gida ya saba a kawo masa komai a mota, ya wayi gari babu motar. Kamfani ma haka yake. Yana iya canja tsari, yana iya barin yankinku saboda matsalar tsaro, yana iya durƙushewa.

To, yanzu ga gonakinka.

Fara da cikin gida. Lissafin da nake yi wa kaina shi ne buhu biyu na hatsi ga kowane babba a shekara, ɗaya ga yaro, a ƙara na baƙo da na biki da na 'yar'uwar da za ta aiko a taimaka mata, a kuma tuna da zakka. Gidanka zai ci buhu ashirin da wani abu. Gonar da za ta ba da wannan a shekara matsakaiciya ta gida ce, ba ta shiga takardar kowa. A wurinka wannan kusan hekta biyu ke nan, kuma ka bar ta a cuɗe: dawa da wake, ɗan maiwa in ƙasar ta karɓa, masarar ci a inda takin gida ya fi yawa. Cikin biyun da suka rage, bana ka ba kamfani hekta ɗaya kawai. Ɗayar ka sa waken suya ko gyaɗa da kuɗinka, don ba sa cin taki sosai, kuma baɗi in ka juya masarar can za ka ga bambanci. Waken suya yana rage ƙuduji, domin yana sa ƙwayarsa ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu.

Wace gona za ka ba su? Mutane da yawa sukan miƙa wa kamfani gonar da ta gaji, suna cewa ai ga taki nan zai gyara ta. Kuskure ne babba. Gonar da ke ɗauke da bashi ita ce ya kamata ta fi kowace tabbas: ba kwari inda ruwa ke kwanciya ba, ba wadda ƙuduji ya mamaye ba, ba kuma ta can cikin daji da wata rana za a ce ba a shiga ba.

Sai lissafin bashin, kuma a nan nake so ka zauna da takarda da biro, ko ka sa ɗanka na sakandare ya zauna. A ce kayan hekta ɗaya da duk abin da aka ɗora a kai sun tashi a naira 400,000. In buhun masara yana 50,000 da kaka, buhu takwas za ka biya. In ya faɗo 25,000, buhu goma sha shida. In ka girbe talatin da biyar, ko ta wace hanya ka tsira. Amma in ruwa ya yi maka tsaiko ka tashi da goma sha takwas, farashi kuma ya karye, buhu biyu ne ladan wahalarka, ga kuɗin ƙwadago da na sussuka da ka kashe daga aljihunka. Za ka ce ai in an yi fari hatsi tsada yake yi. Haka ne in farin ya game ƙasa. In a yankinku kaɗai ruwa ya yi gardama, Saminaka da Dandume suka cika kasuwa da kaya, babu wanda zai ƙara maka ko sisi don tausayi. Kuma farashi ba ruwan sama kaɗai ke juya shi ba. A watan Yuli na 2024, da tsada ta kai intaha, gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, na tsawon kwana 150. Wannan, haɗe da yawan noman da tsadar ta jawo, ya sa hatsi ya yi ta sauka, har ta kai a kakar 2025 a kasuwanni da dama buhun masara bai iya sayen buhun kamfa ba. Mai saye ya ji daɗi, mai bashin taki ya kwana yana juyi. Ƙa'idata ita ce: ɗauki mafi ƙarancin farashin da ka gani a kaka ukun da suka wuce, ɗauki abin da gonar ta ba ka a shekararta mafi muni, ka gwada. In bashin ya cinye fiye da rabi, ka rage girman abin da za ka karɓa ko ka haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Takardar kanta kada ka yarda a karanta maka ita a tsaye a gindin bishiya, layi na bayanka ana cewa ka yi sauri. Nemi kwafi ka kai gida, a fassara maka ita da Hausa layi bayan layi. Ka san ko bashin da naira aka rubuta shi ko da buhu. In da buhu ne, faɗuwar farashi ba ta dame ka ba, amma in ya tashi kamfani ne zai ci ribar. In da naira ne, ka san farashin wace rana za a yi amfani da shi, na wace kasuwa, kuma wa zai faɗe shi. Mafi adalci a ganina shi ne a sa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, in kasuwa ta haura a bi kasuwa. Ka san buhun nasu kilo nawa ne, sikelin wa za a hau, kuma ko za ka tsaya a wurin ana awo. Ka tambayi nawa ake zaftarewa in an ce masarar ba ta bushe ba ko tana da datti, domin a nan ake yanka manomi ba wuƙa. Ka san kuma ko iya na bashi za ka kai, ko duk abin da gonar ta haifa dole su za ka sayar wa. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa sharuɗɗan cinikin salam, inda ake ba da kuɗi yanzu a karɓi hatsi daga baya: a san nau'in, a san mudun, a san ranar. Duk takardar da ta bar ɗaya daga cikin ukun nan a duhu ta bar ƙofar rigima a buɗe. In kana da shakka a kan ƙarin da aka ɗora, kai wa malamin da ka amince da shi tun kafin ka sa hannu, kada sai kaya sun shigo zaure.

Akwai abu biyu da na koya da kuɗina. Shekarun baya na shiga irin wannan tsari da wani kamfani da ba na cikin waɗanda na ambata, ba kuma zan kama sunansa ba. Iri ya zo a kan lokaci muka shuka. Taki kuwa sai gobe sai jibi, har masara ta yi mako biyar ta fara rawaya. Da ya iso muka zuba, amma masarar da ta sha yunwa tana ƙarama ba ta mantawa. Da kaka aka zo da lissafi cif, kamar ba a yi latti ba, domin takardar ta faɗi ranar da zan biya, ba ta faɗi ranar da za su kawo ba. Tun daga nan nake cewa a rubuta ranar isowar kowane kaya, a kuma rubuta abin da zai ragu daga bashin in sun saɓa. In sun ƙi, aƙalla ka tanadi kuɗin buhun kamfa ɗaya ko biyu a gefe don kada shukarka ta zauna jiran mota.

Na biyun shi ne lamunin juna. Mu biyar ne a ƙungiya, ɗayanmu ya karɓi takinsa ya sayar a kasuwa ya yi hidimar aure, da kaka ya tafi cirani. Mu huɗu muka biya. Kamfani yana son wannan tsarin don ya sauke wa kansa wahalar bin bashi, kuma gaskiya shi ne ke sa a iya ba wanda ba shi da jingina. Amma ka sani kana sa hannu ne a kan halin wasu. Kada ka shiga ƙungiya don kunya ko don surukuta. Zaɓi wanda ka san gonarsa, ka san yana kwana a gari da damina. Kuma in da hali kada gonakinku duka su kasance a kwari ɗaya, don in ruwa ya ci ɗaya ya ci duka, babu mai ɗaukar wani.

Za su ce maka akwai inshora a ciki. Madalla, amma wace iri? Wadda aka fi haɗawa da irin wannan bashi ba gonarka take dubawa ba, matsakaicin abin da yankin ya samu take dubawa, ko kuma yawan ruwan da na'ura ta auna. In yankin ya yi kyau kai kaɗai tsutsa ta cinye, ba a biyan ka. Ka tambaya: me take rufewa, fari ko ambaliya ko ƙwari? In shanu suka shiga fa? Cikin kwana nawa ake kai rahoto, kuma wa ake kai wa? In an biya, hannunka kuɗin zai zo ko bashin za a rage? Ka tambaye su kuma ko an taɓa biyan wani a ƙaramar hukumarku, su faɗa maka garin, ka hau babur ka je ka ji daga bakin mutanen.

Maganar iri ita ce ta fi damuna, don ita ce ba a ganin illarta sai an yi nisa. Masara mai aure tana ba da amfani sosai, amma ba a ajiye 'ya'yanta a sake shukawa, in an yi haka sai ta rarrabu ta ragu. Shekara uku kana karɓar iri daga hannun kamfani, irin gidanku ya ɓace, na maƙwabcinka ma haka. Gari guda ya koma iri ɗaya, mai nuna rana ɗaya, mai rauni ɗaya. A Amurka a 1970 wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar ƙasar baki ɗaya, saboda mafi yawan irin da aka shuka tushensa ɗaya ne. Mu ma mun ga yadda tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓullo a ƙasar nan a 2016 daga nahiyar Amurka, take ratsa gonakin masara zalla kamar wutar daji. Don haka a gonarka ta gida ka riƙe irin da ake iya ajiyewa. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana da jerin irin masara na SAMMAZ da na dawa na SAMSORG, a cikinsu akwai masu nuna da wuri da masu jure ƙuduji. Akwai kuma geron Sosat ga na arewa da ku. Kaurar da Hajiya ke ɓoyewa a tulu ita ma kada a raina ta. Ka kuma saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara. In an ce ruwa zai ɗauke da wuri, ka nemi kamfani ya ba ka iri mai gajeren zango, kada ka karɓi duk abin da aka sauke daga mota.

Wani salon kuma da ya yawaita shi ne Alhazan birni su zo su kama hayar gonaki masu faɗi, su sa tarakta da maganin ciyawa, su yi masara shekara uku a jere su tashi. Kuɗin haya a hannu yana da daɗi da bazara. Amma mai haya ba ya kai takin gida gonar da ba tasa ba, kuma gawo da ɗorawar da kakanka ya bari suna tare wa tarakta hanya. In za ka bayar, a yi a gaban mai unguwa, a rubuta shekara nawa, ba a sare itace, kara da harawa naka ne. Taraktar haya ita ma kowa a mako biyu ɗaya yake neman ta, mai hekta ɗaya kuma shi ne ƙarshen layi. Na san satar shanu ta raba mutane da yawa da garmarsu, amma in akwai mai shanun huɗa a garinku, ka kama shi tun yanzu ka ba shi kafin alƙalami.

Bayan girbi kuma akwai wata dabarar zamani da na fi yarda da ita a kan bashin taki, wato ajiyar hatsi a karɓi rance a kansa. 'Yan'uwanmu na Nijar, a yankunan Maraɗi da Damagaram, sun fi shekara ashirin suna yin ta: ƙungiya ta tara hatsi a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun manoma ɗaya a hannun asusun da ya ba da rancen, a karɓi wani kaso na darajar kayan a yi sana'ar rani, in bazara ta yi a biya a buɗe. A nan gida kamfanin AFEX yana da rumbunan ajiya da ke ba da takardar shaidar kaya. Amfanin shi ne ba a tilasta maka sayarwa a watan Nuwamba, lokacin da kowa ke sayarwa. Amma kada ka ɗauka dole ne farashi ya tashi. Waɗanda suka ɓoye hatsi a kakar 2024 suna jiran tsada da yawansu sun sayar da asara. Ka lissafa kuɗin ajiya da na rance tukuna. Na ci kuwa a gida zai zauna, ba ya zuwa siton kowa. Wake ka sa shi a buhun PICS mai ruɓi uku, ka ɗaure kowane ruɓi daban, ba sai ka zuba maganin da zai cuci yara ba.

Abu na ƙarshe ba naka kai kaɗai ba ne, na garinku ne. In kowa ya ba kamfani ɗaya gonarsa, dillalan da ke zuwa daga Giwa da Dawanau za su daina zuwa don babu kaya, ranar da kamfanin ya ce ga farashinsa kuwa babu inda za a juya. Ku tayar da maganar a ƙungiya ko bayan sallar Juma'a: a bar wani kaso na zuwa kasuwa, a riƙe hulɗa da mai saye fiye da ɗaya. Kuma abin da ka yi alkawarin kai wa kamfani ka kai shi cif ko da kasuwa ta fi tsoka a ranar, domin sayarwa ta bayan fage ita ce ke korar kamfanonin kirki ta bar mu da 'yan wanka.

Ƙanenka ka ba shi riƙon hektar kamfanin, tunda shi ke da zafin abin. Ya sayi littafi ya rubuta komai: ranar da iri ya zo, ranar taki, kuɗin feshi, kuɗin ƙwadago, buhun da aka auna da wanda aka zaftare. A gefe ya rubuta na gonar gida. In an kai amfani gida ku zauna ku uku da Hajiya a buɗe littafin, sannan a yanke ko baɗi za a ƙara musu rabin hekta.